Jagorar Mai Zanen Fenti a Sakkwato: Daga Haɗa Kanbas Zuwa Riƙon Sana'a

Duk wanda ya taɓa matsa fentin akirilik, wato fentin zane da ake sirkawa da ruwa, a faranti cikin watan Afrilu a Sakkwato, fanka na kaɗawa, ya san abin da ke biyo baya. Kafin ya gama haɗa launi na biyu, na farkon ya yi fata. Ya ƙara ruwa, launin ya tsinke; ya ƙara fenti, tulin ya bushe a banza; daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa. Alhali yawancin darussan da yake kallo a waya an ɗauke su ne a ƙasashe masu sanyi da laima, inda fenti ke jiran mai shi. Garinmu kuwa zafinsa kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ba ta jin ƙyauren taga. Saboda haka komai a wannan jagora an auna shi ne da yanayinmu, da kayan da ake samu a kasuwarmu, da abin da ya fi duka wuya, wato zama a kan aikin har hannu ya faɗa.

Wurin aiki

Ba sai ka mallaki ɗaki guda ba. Kusurwar shago ko ta zaure ta isa, muddin za ka bar kayanka a shimfiɗe ka dawo ka same su yadda ka bar su. Wannan sharaɗin ya fi girman ɗaki muhimmanci, domin wanda kullum sai ya kwance ƙunshi ya sake ɗaurewa, ba ya jimawa yake fara cewa sai gobe. Ka nemi taga mai kallon arewa, don haskenta ba ya yawo sosai daga safe zuwa yamma. A Sakkwato rana kan ɗan karkato arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, to a lokacin sai ka rataya farin yadi marar kauri ya tace ta. In da hannun dama kake aiki, hasken ya zo ta hagunka. Da dare, ƙwan lantarki fari mai lamba 5000K a kwalinsa shi ne kusa da hasken rana. Mai jan haske yana rikita rawaya da fari, sai gari ya waye ka ga launukan ba su ne ka haɗa ba.

Kafinta zai haɗa maka majingina mai ƙafa uku, ko ka buga ƙusa biyu a bango ka rataya aikin daidai idonka, ka bar wurin ja da baya kamar taku huɗu. Shara kuma da yamma ake yinta bayan an tashi, a yayyafa ruwa tukuna. Wanda ya share ɗaki da safe ya zauna zane, a kan ɗanyen fentinsa ƙurar za ta sauka.

Fenti da buroshi

Mai farawa ya fara da akirilik. Da ruwa ake sarrafa shi, warinsa ba ya hawa kai, kuskure kuma yana rufuwa cikin minti goma. Launi shida sun ishe ka wata shida: farin taitaniyam, kuma babbar kwalba domin shi ke riga ƙarewa; rawayar oka mai kama da ƙasa; ƙonannen siyena, wato jan ƙasa mai duhu; shuɗin altiramarin; ja mai haske ɗaya; rawaya mai haske ɗaya irin ruwan ɗorawa. Baƙi ba sai ka saya ba. Haɗa altiramarin da siyena rabi da rabi yana ba da baƙi mai rai, wanda za ka iya karkatar da shi wajen ɗumi ko wajen sanyi yadda kake so. Kada ƙarancin launin ya dame ka. Anders Zorn, mai zanen ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, ya yi suna da aiki da launi huɗu kacal: fari, baƙi, oka da ja. Akwatin nan mai kala ashirin da huɗu na araha kuwa, yawancin abin da ke ciki garin ciko ne, launin kaɗan ne, shi ya sa ake shafa shi sau uku bai rufe ba. Araha ba ta ado.

Buroshi mai faɗin baki uku, na inci ɗaya da na rabin inci da na kwata, sai mai tsini ɗaya, sai na fentin gida mai inci biyu don share fage. Na gashin roba ya fi dacewa da akirilik. Farin buroshi mai taurin gashi da ake sayarwa don fentin mai, galibi gashin alade ne. Wanda ba ya son amfani da shi akwai na roba mai tauri da ke yin aikin. Wurin haɗa launi, farin tayil ya isa, reza na kankare shi tas. Gwangwanin ruwa biyu: ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta na sirka fenti. Kada ka bar buroshi tsaye a kan gashinsa cikin ruwa, bakin zai lanƙwashe ba zai koma ba. In ka tashi, ka murza shi da sabulu a tafin hannu har kumfar ta fito fara, musamman gindin gashin kusa da wuyan ƙarfe, inda fenti ke ɓuya ya bushe ya baje bakin. Hannunka ma haka: busasshen akirilik roba ne, yana hana ruwa taɓa fata da farce, saboda haka a kankare shi kafin alwala.

Haɗa kanbas da hannunka

Kanbas shi ne yadin da ake ɗaurewa a firam a yi zane a kai. Na kanti yana da tsada, tsadar kuma tana sa hannu rawa, mutum ya kasa shafa fenti gaba gaɗi don kada ya yi asara. Gara ka haɗa naka. Ka sayi akoko mai kauri wurin masu yadi, ka ɗaga shi ga rana. In haske na ratsowa sosai ta saƙar, nemi wanda ya fi cika. Wanke shi da ruwa zalla sitacin masaƙa ya fita, ya kuma gama tsukewar da zai yi, ka shanya, ka goge.

Firam ɗin a yi shi da busasshen katako mai inci 2 da inci 1. Ɗanyen katako zai murɗe da hunturu ya karkatar da aikin gaba ɗaya. Ka ce wa kafinta ya fere fuskar katakon ta ɗan gangara zuwa ciki, yadda yadin zai taɓa bakin waje kaɗai. In ba a yi haka ba, duk inda buroshi ya bi ta kan katakon sai layi ya fito a zanen, kuma ba ya ɓoyuwa. Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya ɓangaren. In awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin ya karkace, a gyara tun yanzu. Wanda ya wuce ƙafa uku a sa masa katako a tsakiya ya tokare.

Yanka yadin ya zarce firam da inci 3 ta kowane gefe, ka shimfiɗa shi a ƙasa mai tsabta ka ɗora firam a kai. Buga ƙaramar ƙusa ɗaya ta baya a tsakiyar gefe guda, ka koma gefen da ke fuskantarsa ka ja ka buga, haka sauran biyun. Daga nan ka riƙa tafiya daga tsakiya zuwa kusurwa, inci biyu-biyu, kana zagayawa. Kada ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗan'uwansa, nan ne tattara ke samo asali. Kusurwa ita ce ƙarshe, a naɗe ta kamar bakin ambulan. Kada ka ja har ƙarfinka ya ƙare, domin gam ɗin da za ka shafa zai ƙara ɗaure shi.

Yanzu sai toshe saƙar. Gwangwanin madara ɗaya na gam ɗin kafinta fari, irin su Top Bond, a cikin gwangwani uku na ruwa. Shafa sau ɗaya ko'ina, har gefuna, ka bar shi awa biyu a inuwa, ka bi shi da samfefa mai laushi don kwantar da gashin yadin da ya miƙe. Sai farin fage: gwangwani uku na farin fentin bango na ruwa, gwangwani ɗaya na gam, rabin gwangwani na ruwa, a dama har ya yi kaurin kunun gyaɗa. Shafi uku ake yi, na farko a tsaye, na biyu a kwance, na uku a tsaye, da tazarar awa ɗaya tsakaninsu. Kada gaggawa ta sa ka kai shi rana. Rana tana busar da sama ta bar ƙasa ɗanye, sai fagen ya tsage.

Ka riƙa shafa wannan haɗin a wani ƙyalle daban don gwaji. Bayan kwana ɗaya ka lanƙwasa ƙyallen: in ya tsattsage, ko ya bar fari a jiƙaƙƙen yatsa, gam ya yi kaɗan. In yana ƙyalli, fenti na zamewa a kansa kamar a kan leda, gam ya yi yawa, ƙara fentin bango da cokali biyu na tankaɗaɗɗen garin alli. Gaskiya wannan haɗin bai kai jeso, wato farin fagen da ake sayarwa a kanti, ƙarko ba, saboda haka aikin da za a biya ka kuɗi mai kauri a kansa, sayi jeson. Na koyon yau da kullum kuwa, katakon silin da aka yanka santimita 20 da 25 ya fi komai sauƙi. A shafe shi gaba da baya, in gefe ɗaya aka shafa zai bankare.

Yadda ake hana fenti bushewa

Samu robar abinci marar zurfi mai murfi. Shimfiɗa siririn soson katifa ko tsumma ninki huɗu a ciki, ka jiƙa, ka matse har ya daina ɗiga. Ɗora takardar da masu yin kek ke shimfiɗawa a tire, a kanta za ka matsa fentin. Danshin na ratsowa a hankali ta takardar, fentin ya kai kwana biyu ko uku in an rufe. Da damina soson kan yi wari ya yi fumfuna, a wanke shi duk bayan kwana biyu. Matsa fenti a tule, kada ka baza. Kwalbar feshi irin ta masu aski ta zauna kusa da kai, kana fesa wa farantin duk minti biyar zuwa goma, kanbas ɗin ma a ɗan fesa masa kafin a shafa wurin da ake son launi biyu su narke cikin juna, kamar sararin sama. Juyar da fanka ta kalli bango. Sirki kuma yana da iyaka: in ruwa ya rinjayi fenti ƙwarai, robar da ke riƙe launin ta yi rauni, shafi na gaba ya ɗago na ƙasa. Sannan akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, don haka haɗa launin ya ɗan fi abin da kake so haske, ka gwada a guntun kwali. Lokacin da fenti ya fi biyayya shi ne daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe goma.

Tulu da albasa

Abin da ke sa zane ya tashi daga kan yadi ya yi jiki shi ne daidaiton haske da duhu. Launi na zuwa ne daga baya. Saboda haka makon farko a ajiye ja da rawaya. Haɗa baƙinka da fari ka fitar da matakai biyar a jere a kan kwali, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, uku na toka a tsakani, kowane da tazara daidai da na kusa da shi. Wannan kwalin shi ne ma'auninka.

Ɗauki tulu da jar albasa ɗaya ka sa su cikin babban kwali da aka yanke gabansa da gefe guda, yadda haske zai shigo ta hanya ɗaya tak. Kafin ka taɓa fenti, yi ƙananan zane uku da fensir, kowane girman kwalin ashana biyu, kana sauya inda tulun zai zauna. Zaɓi wanda ya fi daɗin ido. Yawanci ba wanda tulun ke tsakiya cif ba ne. Sai ka kashe farin fagen da tsinkakken siyena ka goge da tsumma, domin a kan fari kowane launi yana ganuwa da duhu fiye da yadda yake, ido ya ruɗe.

Zana siffar da ƙaramin buroshi. Miƙe hannu sosai, ka auna faɗin tulun da sandar buroshi, ka ga sau nawa yake shiga tsayinsa. Bakin tulu shi ke tona asirin mai koyo. Ƙwaƙwalwa ta san zagaye ne, sai hannu ya buɗe shi fiye da yadda ido ke gani, ko ya yi masa tsini biyu kamar ido. Daga inda kake zaune siririn ƙwai ne a kwance, kuma gefunansa a lanƙwashe suke.

Yanzu ƙanƙance idanunka har ƙananan abubuwa su ɓace, abu biyu su rage: inda haske ya faɗa da inda bai faɗa ba. Fara da inuwa, da fenti marar kauri, ka haɗe inuwar jikin tulu da wadda ya jefa a ƙasa su zama siffa ɗaya. Wurin da ya fi ko'ina duhu shi ne siririn layin da gindin tulu ya haɗu da ƙasa, sai cikin bakinsa. A can ƙarshen ɓangaren inuwa za ka ga wani ɗan haske da ya dawo daga bangon kwali. Kusan kowa yana zuzuta shi. Duk haskensa, bai kai wuri mafi duhu na ɓangaren haske ba. In ka sa shi ya kai, tulun ya baje ya koma faifai. Bayan inuwa sai matsakaicin launi, sannan haske da fenti mai kauri. Wajen haskaka jan yumɓu kada ka dogara da fari kaɗai, zai mayar da shi ruwan hoda mai sanyi kamar an barbaɗa alli. Sa oka tare da farin. Tulu ba ya ƙyalli, haskensa a baje yake. Ɓawon albasa kuwa yana da ɗigon ƙyalli guda, kuma shi ne shafi na ƙarshe: ɗauko fenti a bakin buroshi, ajiye shi sau ɗaya, ɗauke hannu.

Launi yana komawa taɓo ne saboda abu uku: haɗa kala fiye da uku a tuli ɗaya, ruwan wanki da ya yi datti, da yawan shafa wurin da ya fara bushewa. In wuri ya lalace, bar shi ya bushe sarai ka rufe da sabon haɗi. Da ka gama, ɗauki hoton aikin da na tulun a waya, ka mayar da su baƙi da fari ka jera. Duk inda suka saɓa, nan ne darasin gobe.

In za ka koma fentin mai

Zafinmu yana taimakonsa bushewa, ƙurarmu kuma tana cutarsa, don yana kwanaki a ɗanye. Siyena kan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, fari da rawaya mai haske su kai mako. A jingina ɗanyen aiki fuskarsa na kallon bango, bakin sama kaɗai ya taɓa. Ƙa'idarsa ɗaya ce da ba a karyawa: kowane shafi ya fi na ƙarƙashinsa maiƙo. Na farko da ɗan tafentain kawai, wato ruwan sirka fentin mai, na biyu kashi biyu na tafentain da kashi ɗaya na man linsid, man da ake haɗa fentin da shi, na uku rabi da rabi. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa ya tsattsage. Ana iya shafa mai a kan akirilik, amma akirilik a kan mai ɓarewa yake yi. Yadin kuma lallai a toshe shi da kyau, domin mai yana cin auduga. Kananzir na wanke buroshi ne kawai, a bi da sabulu, ba a sirka fenti da shi. Fetur kada ya shigo ɗakin ma. Tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, saboda haka a tsoma shi a gwangwanin ruwa ko a baza shi a waje.

Launin ƙasarmu

Masu haɗa tawadar allo sun daɗe da sanin ƙaro, kuma ƙaron nan shi ne abin da ke riƙe launi a fentin ruwa na kanti da ake zane da shi a takarda. Ɗebo jan ƙasa ko rawayar ƙasa daga bakin kwazazzabo, ka daka, ka zuba a bokitin ruwa ka dama sosai. Jira minti ɗaya yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan mai launi a wani bokitin, ka bar shi ya kwana. Da safe zubar da garau ɗin sama, laushin da ya kwanta a shanya a tire, a niƙa. Jiƙa ƙaro kashi ɗaya a ruwan ɗumi kashi biyu ya kwana, tace da ƙyalle, ka sa zuma cokali ɗaya a kowane cokali biyar. A busasshen yanayi irin namu zumar ce ke hana shi ƙeƙashewa. Haɗa garin da ruwan ƙaron kusan daidai wa daida, ka murza a tayil har ka daina jin tsakuwa. In ya bushe yana bin yatsa, ƙara ƙaro. In yana ƙyalli yana tsagewa, ƙara gari. Rawayar ƙasa in an toya ta a kasko tana rikiɗa ta koma ja, ka sami kala biyu daga rami ɗaya. Wannan fentin na takarda ne mai kauri.

Ruwan zoɓo da gangamau da karan dafi suna da kyau ranar farko, amma launin tsiro rana na cinye shi. Kowane launi kake shakka, shafa shi a takarda, rufe rabi da kwali, ajiye a taga wata ɗaya, ka buɗe ka kwatanta.

Fita waje

Ɗauki ƙananan katako biyu ka nufi Kwalkwalawa ko wani bakin fadama da sassafe, ko bayan la'asar. Awa biyu gare ka kafin inuwa ta sauya wuri, don haka inuwar za ka fara kafawa, kuma kada ka bi ta in ta matsa. Zauna a inuwa, aikin da farantin duka a inuwa. Wanda ya yi zane rana na dukan kanbas zai koma gida ya tarar da aikin ya yi duhu. A kasuwa ko ƙofar gidan mutane, yi sallama ka nemi izini, wuraren tsaro kuma a nisance su.

Littattafan koyon zane kan ce abin da ke nesa shuɗi yake komawa. Da damina haka ne. Da hazo kuwa nesa tana komawa farar toka mai ɗumi, giginyar da ke can ƙetaren gulbi ta zama inuwa marar gefe, sama kuma fari ce da ɗan oka da ɗigon altiramarin. Koren dogon yaro a lokacin ƙura ta hau shi, haɗa shi da oka da shuɗi ka kashe shi da siyena. Farin bango ko farin yadi a rana, inuwarsa ta sama tana ɗaukar shuɗin sama, ta ƙasa tana ɗaukar jan ƙasa. Hoton waya ba ya nuna wannan, yana baƙanta inuwa ya ƙone haske, shi ya sa wanda bai taɓa zane a waje ba ake gane aikinsa.

Me za a zana, kuma yaya za a ɗore

Maganar zanen abu mai rai tana zuciyar kusan duk mai wannan sana'a a garin nan, kuma bai kamata a yi kamar babu ita ba. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Abbas a Bukhari da Muslim, inda ya ce wa wani mai sana'ar zane in dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ka zauna da malaminka ka fahimci matsayarka tun da wuri, domin mai aiki da zuciya biyu hannunsa ba ya sakewa. Fagen da ya rage kuwa ba ƙarami ba ne: soraye da zankwayensu, jiragen ruwa a Rima, tulin albasa da buhunan kasuwar Kara, zayyanar allo, aikin madunka a jar fata, aska takwas a wuyan riga, rubutun ajami. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan wannan tunanin: a karɓi dabarar da aka koyo daga Turawa, a zuba mata abin gida. Uche Okeke zanen uli na Ibo ya ɗauko. Ɗan Sakkwato in ya shiga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da littafin zane da fensir, bayan ya nemi izini, zai fito da abin yin shekara.

Ɗorewa kuwa irin ta makarantar allo ce: a rubuta, a biya, a wanke, a sake. Ba a jiran sai ran da aka ji sha'awa. Tsayar da lokaci, ko minti arba'in ne, kwana biyar a mako. Yi ƙananan aiki talatin kafin ka taɓa babba, ka rubuta kwanan wata a bayan kowane, kada ka yar da ko ɗaya. Ranar da ka jera na farko da na talatin za ka ga abin da ba ka iya gani kullum. Ajiye littafi kana rubuta haɗin da ya yi kyau da awonsa, da abu ɗaya da ya gagara yau. Abu ɗayan nan shi ne aikin gobe, kuma shi ke hana mutum zama gaban farin kanbas bai san ta inda zai fara ba.

Kusan kowane zane yana da lokacin muni a tsakiyarsa, bayan an rufe fage kafin siffa ta fito. Masu koyo da yawa a nan suke jefarwa. Ci gaba. In ido ya gaji, dubi aikin a madubi ko ka kifa shi ƙasa ya koma sama, karkatar da ta ɓuya za ta fito. In ka ga kana ta taɓa wuri ɗaya ba ya ƙaruwa da komai, ajiye buroshi, juya aikin bango kwana uku. Kwaikwayon aikin manya hanya ce ta koyo mai kyau, amma a rubuta sunan mai shi a baya, ba a sa hannu a kai a sayar. Abin da kake gani a Instagram kuma zaɓaɓɓe ne daga cikin tulin da mai shi bai nuna ba, kada ka auna ɗanyen aikinka da shi. Nemi mutum biyu ko uku masu zane ku riƙa haɗuwa duk wata. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Tambaye su ina idonsu ya fara sauka, kuma wane wuri ne bai gamsar da su ba.

Shekarar ma a raba ta yadda garin ya raba ta. Hunturu na fita waje ne da haɗa kanbas da yawa. Bazara, da watan azumi duk lokacin da ya faɗo, a koma kan fensir da gawayi da ƙananan aiki da asuba. Damina ta koren fadama ce da gajimare, kuma in kanbas ya saki saboda laima, a ɗan fesa masa ruwa ta baya a bar shi ya bushe a inuwa.

Aikin kuɗi da ajiya

In an ba ka aiki, a yi magana a gama kafin a fara: girma, ranar karɓa, da sau nawa za a yi gyara. Karɓi rabin kuɗin kafin alƙalami. Farashi kuma lissafi ne, kuɗin yadi da katako da fenti, a ɗora ladan kwanakin da ka yi, kada ya gaza abin da ƙwararren mai aikin hannu ke samu a yini. Nuna ƙaramin samfuri a amince da shi tukuna, ya fi sauƙin gyara.

Banish, wato shafin ƙarshe mai kare fuskar zane, na masu zane ake shafawa, akirilik bayan mako ɗaya, fentin mai bayan wata shida. Na kafinta yana rawaya kuma ba ya cirewa. Shafa shi da sassafe a ɗakin da aka rufe, aikin a kwance, shafi biyu marasa kauri. Wajen ajiya, a ɗaga zane daga ƙasa a kan bulo ko benci saboda gara da ruwan damina, a tsaye, ba a jibge ba. Akirilik yana laushi da zafi, fuska biyu in suka haɗu a ɗakin kwano mannewa suke yi, jarida da leda ma haka suke kamawa. Sa kwali a kusurwoyi huɗu ya raba su, ka lulluɓe da tsohon zanen gado na auduga. Ranar kai wa mai shi, a rufe fuskar da takardar kek sannan kwali, a ɗauka a Keke Napep a tsaye tsakanin gwiwoyi, kada a bar shi cikin rufaffiyar mota a rana.